Ranar da Jirgin Sharafaddeen Ya Nutse a Titin Koudoukou

Akwai wani mutum a layinmu na Kilomita Biyar, sunansa Sharafaddeen Ango, wanda bai taɓa ganin teku ba amma ya fi kowa sanin abin da ke ƙarƙashinsa. Ni Zaharaddini tela, bango ɗaya ne tsakanin shagona da shagon da yake zama, saboda haka duk abin da zan faɗa, ko dai na gani da idona, ko kuma ya shigo mini ta bango ban nema ba.

Daga Damagaram ya zo, kuma bai daɗe a Bangui ba. Ya auri Ummuhani, 'yar Alhaji Luqman Dada mai shagon shinkafa da mai da sukari, shagon da duk wanda ya girma a Koudoukou ya san ƙofarsa. Aikin Sharafaddeen a shagon shi ne zama, kuma tsakani da Allah ya iya shi. Yana da wata tsohuwar kwamfuta da yake ɗorawa a cinya, a cikinta akwai wasan jirgin yaƙi mai nutso, na zamanin yaƙin Turawa. Daga hantsi har la'asar yana ƙarƙashin ruwa. In mai saye ya yi sallama, sai ya ɗaga masa hannu ya ce ya yi magana a hankali, akwai jirgin abokan gaba a samansu. Da kansa ya raɗa wa kansa suna Kwamanda, mu kuma muka karɓa, don ba mu da aikin da ya fi wannan daɗi.

Shi wannan Kwamanda, wata rana Imrana mai taksi-moto, wato ɗan acaɓa, ya kai shi bakin kogin Ubangi don su ƙetara a kwalekwale. Ya tsaya ya dubi ruwan, ya dubi kwalekwalen, ya ce jirgin ba shi da madubin leƙe, shi ba ya shiga jirgin da bai cika ƙa'ida ba. Da ƙafa ya dawo gida.

To, ana haka sai Alhaji Luqman ya tashi tafiya Douala ta ƙasar Kamaru aikin ido. A gabana ya miƙa wa surukin nasa mabuɗi.

"Malam Sharafaddeen, na tsufa," in ji shi. "In na dawo na tarar da shagon nan yadda na bar shi, naka ne. Ni in koma gida in riƙe carbi."

"Baba, ka tafi da kwanciyar hankali. Na riƙe jirgi mai mutum hamsin a ƙarƙashin teku, balle shago."

Alhaji bai gane wane jirgi ba ne, amma ya yi masa addu'a ya tafi.

Tafiyarsa ke da wuya sai ji-ta-ji-ta ta shigo kasuwa, wai direbobin manyan motoci za su ajiye aiki, hanyar Kamaru za ta rufe, kaya ba za su shigo ba. Mu nan mun saba. Kowa ya ƙara buhun shinkafa ɗaya ko biyu, ya yi shiru. Sharafaddeen kuwa ya fito bakin shago ya tara mu, ni da Imrana da wasu 'yan canji, ya ce lokacin da yake jira ne ya zo.

"Ku ba ku san yaƙi ba," ya ce mana. Mu, mutanen Kilomita Biyar, da yaƙi ya zo har ƙofar gidajenmu. "Kafin jirgi ya bar tasha, kwamanda ne ke zaɓen kayan da za a loda, kuma wuri kaɗan ne. Sabon shiga shi ne ke cika jirgi da abinci. Gogagge kuwa abu uku yake nema. Kafe, gahawa ke nan, don kada masu gadi su yi gyangyaɗi. Taba, don in bama-bamai na fashewa a sama hankalin mutane ya kwanta. Sai na uku." Ya ɗan yi tari. "Na uku wani abin sha ne na Turawa. In ka shiga tasha da waɗannan, ba abin da ba za a ba ka ba. Buhun kafe ɗaya, a ba ka kayan gyaran inji. Ni na gwada, ba sau ɗaya ba."

"A ina ka gwada, Kwamanda?" in ji Imrana.

"A tekun arewa."

"Ta unguwar Kokoro ake bi, ko ta bayan masallaci?"

Bai ko kalle shi ba. Washegari sai ga masu tura amalanke suna fitar da shinkafar Alhaji, da jarkokin mai, da sukari. Ya yi musaya da wani ɗan kasuwa a can ƙasan titi, wanda ya daɗe yana neman inda zai sauke wasu buhunan ɗanyen kafe da ƙunshin ganyen taba da suka zame masa ƙarfen ƙafa. An ce mutumin har bakin titi ya rako shi yana ta singila, singila, wato godiya da Sango, harshen mutanen garin nan, kamar wanda aka biya wa Makka.

Ana cikin fitar da kayan Ummuhani ta iso da abincin rana.

"Baban Ikram, ina shinkafar Baba za ta?"

"Fagen daga."

"Wane irin fagen daga? Ka dube ni da kyau. Lokacin da aka rufe unguwar nan ba shiga ba fita, kana Damagaram kana cin kilishi. Ni ina nan. Ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa yana neman taba. Shinkafa ake nema, da mai, da gishiri."

"Wancan yaƙin tudu ne, Maman Ikram. Ni na ruwa nake magana."

"To Allah ya kawo ruwan," ta ce. Ta dire masa kwano ta tafi.

Matsalar farko, kafen ɗanye ne, kore shar, shi kuwa na cikin kwamfuta baƙi ne. Sai ya samo rabin duro, ya hura wuta a bayan shago, ya zuba kafen don ya soyu, ya koma ciki don ya ƙarasa nutsar da wani jirgin dakon kaya. Ina cikin ɗinki na ga hayaƙi ya turnuƙe layin. Mata suka fara salati, 'yan canji suka tattara jakunkunansu suka arce, maza suka fito da bokitai. Kafin ya ce uffan an sheƙa wa duron ruwa, an sheƙa masa shi ma. Ya tsaya yana ɗiga, ya ce ya ji daɗin yadda muka fito da sauri, dama gwaji yake yi.

Da ya samu ya soya sauran, sai ya kai niƙa injin da matan unguwa ke niƙa rogonsu na gozo, tuwon da kowa ke ci a garin nan. Mai injin bai wanke ba. Ranar duk gidan da aka tuƙa gozo sai ya fito ruwan ƙasa, da ɗaci, yara suka ƙi ci, manyan da suka daure suka ci kuma idonsu ya ƙeƙashe. Da safe mata suka yi dafifi a ƙofar shagon suna zazzaga masa Sango. Shi bai iya Sango ba, don haka ya riƙa gyaɗa kai yana murmushi. Da suka watse ya leƙo shagona ya ce, "Ka gani ko, Malam Tela? Tun yanzu sun fara rububi."

Rububin bai kai ga saye ba. Mutanen layinmu shayi suke sha, masu shan kafen kuma ba su son ƙonanne. Sai ya ce zai ɗanɗana wa 'yan taksi-moto kyauta, tunda su ne masu gadin unguwa. Ya dafa shi kamar kwalta. Imrana ya sha kofi ɗaya don kunya, ya ɗauki wata mata da za ta Kokoro, bai tsaya ba sai da ya wuce Kokoro da nisa, hannunsa na rawa a kan birki. Ya dawo ya ce wa Sharafaddeen in ya sake miƙo masa wannan abin za su ɓata har abada.

Ni kuwa tabar ce ta ishe ni. Warinta ya ratso bango ya kama duk yadin da ke shagona. Malam Uwaisu, limamin ƙaramin masallacinmu na ƙarshen layi, ya karɓi sabuwar rigarsa ya shiga da ita sallar Juma'a, mutane suka riƙa shinshina suna kallon juna. Bawan Allah da ko goro ba ya ci. Na shiga na sami Sharafaddeen raina a ɓace.

"Ka fitar da ganyen nan ko in fitar da kai."

"Haƙuri, Malam Tela. In hanya ta rufe, kai ne mutum na farko da zan ba ƙunshi ɗaya."

"In yi me da shi? In ɗinka?"

"Ka yi musaya da shi a tasha."

Na fita don kada in yi abin da za a kai ni gaban hukuma.

Saura na uku. Nan fa Kwamanda ya shiga uku, don shi mai sallah ne, ba zan ɗora masa abin da ba nasa ba. Amma a wasan nan, duk lokacin da ya bar tasha ba giya, sai mutanensa su yi masa tawaye a tsakiyar teku. Bayan azahar ya tare Malam Uwaisu a ƙofar masallaci, ina tsaye ina neman takalmina.

"Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. A ce mutum yana cikin jirgi a ƙarƙashin teku."

"Wane tekun?"

"Ko wanne. Kuma ana yaƙi. Kuma akwai wani abu da shi ba ya sha, ba ya kuma so ya ga ana sha, amma in babu shi a jirgin za a yi tawaye. Ya halatta ya ajiye?"

Malam ya dube shi sama da ƙasa. "Malam Sharafaddeen, kana da jirgi?"

"A misali."

"To a misali ka bar shi a tasha, ka hau taksi-moto."

Sharafaddeen ya dawo yana cewa Malam bai hana ba, ya dai kauce wa tambayar. Sauran labarin daga baya Imrana ya ba mu shi. Wai ya sa Imrana ya fitar da shi daga unguwa zuwa wata kasuwa ta can gefen gari, ya sa hular kwano da baƙin tabarau da babbar riga a wannan zafin, don kada a gane shi. Mai shagon barasar yana ganinsa ya ce, "Surukin Alhaji Luqman, yaya jikin Baba?" Duk da haka ya saya. Irin barasar nan ce da ake ƙullawa a 'yan ƙananan ledoji, kwali-kwali. Ya ce wa Imrana maganin sauro ne. Imrana ya ce shi dai bai taɓa ganin mai sayen maganin sauro yana istigfari tun daga kasuwa har gida ba.

Yanzu kuma ina za a ɓoye? Duk ɗan kasuwar Kilomita Biyar, ko jiya ya fara, ya san damina ba a ajiye kaya a ƙasa. Bulo ake jerawa, a shimfiɗa katako, a ɗora buhuna a sama, saboda ruwan Bangui ba ya sallama. Haka Alhaji ya bar shagonsa. Sharafaddeen ya ce wannan tsarin mutanen tudu ne. A jirgi, kaya masu daraja can ƙasa ake sa su, don jirgi ya daidaita kuma abokan gaba kada su gani. Ya rufe ƙofa, ya fasa simintin shagon Alhaji, ya haƙa rami har ƙugu. Ya jera kafe, ya jera taba, ya cusa kwalayen nan a tsakiya, ya ɗauko katakon da ake ɗora kaya ya rufe bakin ramin da shi. Ƙasar da ya haƙo kuwa ya riƙa fita da ita ta ƙofar baya yana zubawa a kwatar da ke bi ta bayan shagunanmu.

Na ji ƙarar diga ta bango, na buga masa. "Kwamanda, me kake fasawa?"

"Sirrin soja ne."

Ummuhani ma ta zo ta tarar da ƙofa a kulle. Ta tsaya a waje ta ce, "Baban Ikram, Baba ya yi waya, an buɗe masa ido, yana hanya."

"Hanyar da za ta rufe?" ya amsa daga ciki. "Ki ce masa ya yi zamansa, komai na hannuna."

Ranar da abin zai faru, tun hantsi gari ya yi zafi kamar an rufe tukunya. Bayan azahar hadari ya taso ta wajen kogi. Kowa ya ja kayansa ciki, ni ma na ɗaga yaduka na ɗora a saman kabad. Sharafaddeen ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi sama, ya ce da ƙarfi don mu ji, "A rufe ƙofofi, za mu nutse." Ya ja ƙofar ƙarfen, ya sa sakata ta ciki, ya toshe ƙasanta da tsummoki.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kwatar baya ta cika, ta zo inda ya tara ƙasa, ta rasa hanya, sai ta juya ta bi ta ƙarƙashin ƙofarsa ta baya ta gangara cikin ramin. Ƙofar gaba kuwa ya toshe ta da kyau, wannan aikin kam ya iya, ko ɗigo bai fita ba. Ni dai abin da na fara ji shi ne ƙanshi. Sai na ga wani baƙin ruwa yana tsattsafowa ta gindin bango, ya nufi wata farar shadda da ta zamo mini daga kan keken ɗinki. Shaddar wani ango ce. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Sai murya ta bango, ƙasa-ƙasa. "Malam Tela."

"Na'am, Kwamanda."

"Akwai 'yar matsala a ɗakin inji."

"To ka taso sama mana."

"Sakatar ta ƙi. Malam Tela, ban iya ruwa ba. Don girman Allah ka kira mutane."

Ruwan sama ya ɗauke daidai lokacin da ake kiran la'asar, layi ya cika da masu tafiya masallaci. Na tare su. Imrana ya samo wani ƙarfe, aka zura a tsakanin ƙofofin, mutum huɗu suka danna. Ƙofa ta ɓalle. Abin da ya fito ba ruwa ba ne, kafe ne, shago guda, mai ɗumi-ɗumi, ya kwashe ƙafafun Imrana ya zaunar da shi a tsakiyar titi. Bayansa ganyen taba, ya jiƙe ya baje kamar shara. A can ciki ga Kwamanda tsugune a kan kanta, ya rungume kwamfuta a ƙirji, ruwan da ke ƙasansa bai wuce gwiwa ba.

Da a nan abin ya tsaya da an yi dariya an watse. Amma kwalayen sun jiƙe sun yage, ledojin nan kuma ba sa nutsewa. Sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, suna sheƙi a kan baƙin ruwa, suka bi gangaren layi a jere, ba su tsaya ko'ina ba sai gindin matakalar masallaci, inda ruwa ke taruwa. Dariya ta ɗauke. Wani ɗan canji ya sunkuya ya duba, ya ja da baya ya ce da Sango, "Samba." Giya ke nan.

Malam Uwaisu ya sa bakin sandar lemarsa ya juya guda ɗaya. Ya ɗago ya dubi Sharafaddeen, wanda aka sauko da shi yana tsaye ba takalmi.

"Wannan ne misalin?"

"Allah gafarta Malam, ba na sha ba ne. Na musaya ne."

"Da wa?"

"Da... in an shiga tasha."

Ba wanda ya lura da taksi-moton da ya tsaya a bayanmu sai da muka ji sallama. Alhaji Luqman ne, da 'yar jakarsa, Ummuhani na biye a wani babur ɗin, ta je taryensa tashar mota. Ta hanyar Kamaru ya shigo, lafiya lau, ya ce manyan motoci ma har sun hana su gudu don yawa. Ya cire tabaran da likita ya ba shi. Ya dubi ƙofarsa a ɓalle, ya taka a hankali ya leƙa ramin, ya dubi inda buhunan shinkafa suke a da. Sannan ya bi layin ledojin da ido har masallaci.

"Da na sani," ya ce, "da na bar idon nan yadda yake."

"Baba, bari in yi maka bayani. Tsarin daidai ne, ruwan ne ya zo ta inda ba a zata ba. Ko a tekun arewa..."

"Baban Ikram," in ji Ummuhani, "ka yi wa Allah ka yi shiru."

Alhaji bai ɗaga murya ba, kuma wallahi da ya yi zagi da ya fi sauƙi. Ya miƙa hannu kawai. Sharafaddeen ya lalubo mabuɗin daga aljihun da ya jiƙe ya sa masa.

"Malam Sharafaddeen, harsashi ya shiga shagon nan, ga huda can a bango ban toshe ba. Wuta ta ci shagunan da ke gabana ina kallo. Duk wannan ban taɓa hana mutanen unguwar nan awo ba, ko ta taga sai na miƙa. Yau ko gwangwani ɗaya na shinkafa ba ni da shi da zan ba wani." Ya sa mabuɗin a aljihu. "Ka kwashe ƙazantar nan daga ƙofar ɗakin Allah. Da hannunka."

Ba wanda ya taya shi, don ba mai taɓawa. Muka ɗage riguna muka tsallake, muka shiga muka yi sallah, muna jin motsinsa a waje yana bin ledoji cikin ruwa, yana kama wannan wancan na sulluɓewa. Da muka fito yana nan. Ummuhani na tsaye daga nesa da mayafi a baki, ban sani ba ko kuka take ko me, na dai ji tausayinta ƙwarai.

Da safe mata suka zo awo kamar yadda suka saba, suka tarar an ɗaure ƙofar da sarƙa da kwaɗo. Wata tsohuwa da ta fi shekara talatin tana sayen mai a wurin ta daɗe tana kallon kwaɗon, sannan ta leƙo shagona, ta tambaye ni da Sango ko Alhaji ne ya rasu.

Na ce mata a'a, Mama, yana nan da ransa. Surukinsa ne ya ci yaƙi.